Furen da Aka Sa wa Rana

A cikin kurmin ƙasashen Turai, inda manyan itatuwa kan kakkaɓe ganyensu idan kaka ta yi, su tsaya haka nan tsirara har sanyin hunturu ya janye, akwai wani ɗan tsiro wanda tsawonsa bai kai kamu guda ba, wanda Allah cikin hikimarsa ya hore wa zama a inda galibin furanni ba su iya zama, watau a gindin itace, cikin ruɓaɓɓen ganye da laima da inuwa. Faransawa suna ce da shi muguet, za mu kuwa rubuta muge yadda lafazin yake fita, malaman ilmin tsirrai kuma tun daga Linnaeus, a 1753, suna kiransa Convallaria majalis. Ganye biyu gare shi, wani lokaci uku, masu faɗi da santsi, daga tsakaninsu wani siririn kara kan fito ya ɗan ranƙwafa, ɗauke da ƙananan furanni farare masu siffar ƙararrawa, duk sun rataya ta gefe guda suna kallon ƙasa, da wani irin ƙamshi wanda mai wucewa kan ji tun bai ga furen ba.

Asirin zamansa yana ƙarƙashin ƙasa ne. Saiwarsa rarrafe take yi a kwance, irin na citta, sai dai ita siririya ce ƙwarai, tana tafe tana fid da ido, kowane ido kuwa tsiro ne na wata shekara mai zuwa. Saboda haka shimfiɗar da mutum zai tarar ta rufe gindin itatuwa, ya zaci dubban tsirrai ne, sau da yawa tushe ɗaya ne da ya shekara da shekaru yana yaɗo. Ido ba ya yin fure a shekararsa ta fari, galibi sai ya kai ta uku, kuma ba ya farkawa sai sanyi ya dake shi tukuna. Idan ɗumi ya fara shigowa cikin Afrilu sai ya huda ƙasa a nannaɗe, ya yi hanzari ya buɗe ganye ya yi fure tun itatuwan da ke kansa ba su gama rufe sama ba, sa'an nan ya zauna cikin inuwarsu yana tara abincin baɗi. Masu lambun da ke son rufe gindin itatuwansu da shi sukan dasa gutsattsarin saiwar a ƙarshen shekara, su binne idon sama-sama, su lulluɓe da ruɓaɓɓen ganye, su yi haƙuri. Kuma sun yi ittifaƙi a kan cewa tsiro ne mai taurin kai, wanda kan ƙi fangalin da aka wahala aka gyara masa, ya bi ta ƙarƙashin daɓe ya ɓullo a tsakiyar hanya, in kuwa wuri ya karɓe shi, to, fitar da shi ya fi dasa shi wuya. Duk da kyansa kuma guba ne tun daga saiwa har jajayen 'ya'yansa, dafinsa yana taɓa bugun zuciya, abin da ya sa likitocin asibitin Botkin a Rasha wajen 1880, da Germain Sée a Faris a 1882, suka gwada shi bisa ƙa'ida ga masu ciwon zuciya da kumburi.

Wannan halitta, wadda ba ta jin umarnin kowa sai na sanyi da ɗumi, ita ce Faransawa suka ɗauka suka sa wa rana guda tak a shekara, 1 ga watan Mayu, ranar da ɗa kan kai wa mahaifiyarsa kara ɗaya ko uku, miji ya kai wa matarsa, maƙwabci ya miƙa wa maƙwabciya, da nufin fatan alheri da sa'a. Ran 30 ga Afrilu lokaci bai yi ba, ran 2 ga Mayu kuwa ya zama kwantai.

Idan ka tambayi Bafaranshe asalin al'adar, amsa ɗaya za ka ji, wadda jaridu kan tono su maimaita kowace shekara. Wai a 1560 Sarki Charles na Tara ya sauka a garin Saint-Paul-Trois-Châteaux, a kudancin ƙasar, tare da mahaifiyarsa Catherine de Médicis, wani barde mai suna Louis de Girard ya tsinko masa muge daga lambunsa. Abin ya ƙayatar da sarki, har ran 1 ga Mayu 1561 ya raba wa matan fada, ya umarta a riƙa yi kowace shekara. Labari ne mai daɗin ji, amma duk wanda ya taɓa zama gaban malaman hadisi, ya ga yadda suke tankaɗe ruwaya su dubi isnadi su dubi matani, ba zai karɓe shi hannu bibbiyu ba. A watan Mayun 1560 Charles bai hau gadon sarauta ba, wansa Francis na Biyu ne sarki har ya rasu a Disambar shekarar, babban rangadin da Catherine ta zaga ƙasar da ɗanta kuwa, wanda ya bi da su ta wannan yanki, sai a 1564 aka fara shi, shi ya sa waɗansu masu ba da labarin sukan gyara shekarar a ɓoye. Ko da ma an ƙaddara ruwayar ta inganta, ba ta bayyana yadda kyautar wani yaro ɗan shekara goma ga matan fadarsa za ta yi barcin shekara fiye da ɗari uku, sa'an nan ta farka a hannun talakawan birni ba.

Abin da ya inganta shi ne cewa girmama farkon Mayu daɗaɗɗen abu ne a Turai, ya girmi Charles da kakanninsa, domin mutanen da suka yi watanni a ƙulle cikin duhu da dusar ƙanƙara ba su bukatar umarnin sarki kafin su yi murna da ɗanyen ganye. A ƙauyuka akan sare itace a kafa shi a dandali a yi masa ado, samari su kwana suna jingina rassa a ƙofar gidajen 'yan mata, a fada kuma a sa korayen tufafi a hau dawaki a fita daji. Ganye ake nema a lokacin, ko wane iri ne, da duk furen da ya samu. Keɓe muge shi kaɗai daga cikinsu aikin birnin Faris ne, kuma sai a ƙarshen ƙarni na 19 ya kankama.

Sababi na farko kusanci ne. Faris tana kewaye da kurmi, na Meudon da Chaville a bakin ƙofarta, na Rambouillet da Compiègne can gaba kaɗan, muge kuwa yana yi a cikinsu ba mai shuka ba mai ban ruwa. Tun da aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta Versailles a 1840, wadda ta ratsa Meudon da Chaville, zuwa kurmi ya zama abin da leburan birni zai iya yi ran Lahadi, matan talakawa da yara kuma suka gane cewa abin da suka tsinko da asuba a banza, kafin azahar ya zama kuɗi a bakin titi. Sauran aikin mawaƙa da maɗinka ne suka ƙarasa, waɗanda a kowace al'umma su ke koya wa mutane abin da za su ƙawata jikinsu da shi. Félix Mayol, wani saurayi mawaƙi daga Toulon, ya isa Faris ran 1 ga Mayu 1895 domin ya hau dandamalin Concert Parisien. Adon maza masu ji da kansu a lokacin shi ne su soka furen kameliya a ƙirjin kwat, shi kuwa da bai samu ba sai ya soka karan muge da wata ƙawarsa ta ba shi. Daren wasansa na farko ya yi masa kyau, ya ɗauki furen a kan shi ne sa'arsa, ya mai da shi alamarsa har ƙarshen rayuwa. Da ya yi arziki ya gina wa ƙungiyar zari-ruga ta garinsu filin wasa a 1920, wanda har yau sunansa yake amsawa, kuma har yau ɗan karan muge ne tambarin da ke ƙirjin waɗannan ƙarti majiya ƙarfi.

Manyan gidajen ɗinki suka bi sahu, suna raba wa 'yan matan da ke musu aikin allura da matan attajiran da ke musu ciniki, 'yan dakon babbar kasuwar Les Halles kuma suka mai da shi al'ada su kai wa shugaban ƙasa nasa har fadar Élysée, abin da 'yan kasuwar Rungis, wadda ta gaje ta a 1969, ba su daina ba. Maɗinki Christian Dior, wanda ya fi kowa camfa furen, yakan sa a ɗinke ɗan karansa cikin kalmasar riga kafin a nuna ta. A nan ne aka ci karo da wani taurin kan na muge, domin duk ƙamshin nan nasa ba ya ba da shi ga masu haɗa turare: wardi da yasmin ana tatsar mansu, shi kuwa ko an turara ko an jiƙa, abin da ke fita ba ya kama da shi. Da Edmond Roudnitska zai haɗa wa Dior turaren Diorissimo, wanda ya fito a 1956, sai da ya dasa muge a lambunsa a Cabris, kusa da Grasse, yana zuwa yana shaƙa, yana komawa ɗakin aiki yana kwaikwayo da sinadarai.

Ana cikin haka, waɗansu mutane dabam sun riga sun kama wannan rana da wata niyya dabam. Ran 1 ga Mayu 1886 ma'aikatan Amurka, musamman na Shikago, suka shiga yajin aiki suna neman a tsai da aikin yini a kan sa'a takwas, taron 'yan gurguzu na ƙasashe da aka yi a Faris a 1889 kuma ya zaɓi ranar ta zama ta neman wannan haƙƙi a ko'ina, aka fara a 1890. Ita ce ranar ma'aikatan da muka sani, wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta fara ba da hutunta a Kano a 1980, Nijeriya duka ta bi a 1981. A 1891, a Fourmies, garin masaƙu na arewacin Faransa, soja suka buɗe wa taron ma'aikata wuta da sabuwar bindigar Lebel, mutum tara suka mutu, galibinsu samari da 'yan mata, cikinsu har da Maria Blondeau, 'yar shekara 18, wadda ake ruwaito cewa reshen fure ne a hannunta sa'ad da ta faɗi. Bayan wannan sai jan wardin daji ya zama furen 'yan ƙwadago, har abokan gabansu suna yi musu laƙabi da shi. Ke nan a farkon ƙarni na 20 furanni biyu ne ke yawo a titunan Faris rana ɗaya, ja na masu neman haƙƙi, fari na masu neman sa'a, tun da yake kuma mutum ɗaya yana iya neman duka biyun, ba a daɗe ba aka fara ganin muge ɗaure da jan zare a ƙirjin ma'aikata.

Wanda ya raba gardamar shi ne Mashal Philippe Pétain, kuma ba don Allah ya yi ba. Bayan Jamus ta ci Faransa a 1940, gwamnatinsa ta Vichy, wadda ta rushe manyan ƙungiyoyin ƙwadago, ta kafa doka a Afrilun 1941, ta hannun ministan ƙwadago René Belin, wanda shi kansa tsohon jigon ƙungiyar ƙwadago ta CGT ne, cewa 1 ga Mayu ta zama ranar hutu da sunan bikin aiki da jituwar al'umma. An yi dace kuma, a kalandar coci ta wancan zamani ranar ta waliyyi Philippe ce, takwaran Mashal, fadawansa kuwa ba su bar wannan dama ta wuce ba. Jan wardi, da yake launinsa na masu tawaye ne, aka kau da shi, farin muge ya sami fili shi kaɗai. Mai karatu zai zaci cewa da gwamnatin ta faɗi a 1944, aka kuma yanke wa Pétain hukuncin cin amanar ƙasa a 1945, furen zai faɗi tare da ita. Amma dokokin 1947 da 1948 suka tabbatar da hutun da albashinsa, wardin bai dawo ba, har ya kasance Jam'iyyar Kwaminis, wadda Vichy ta fi farauta, tana cikin manyan masu sayar da muge a bakin titi kowace shekara domin cika asusunta. A ganina wannan hujja ce a kan cewa Pétain bai ƙirƙiri kome ba, ya tarar da jama'a sun riga sun zaɓa, ya yi wuf ya ɗora hannunsa a kai. Da al'adar tasa ce, da an binne ta tare da mulkinsa.

To, al'ada idan ta game ƙasa kurmi ba ya iya ɗaukar nauyinta, kuma ba ya riƙe alkawari, domin shekarar da sanyi ya daɗe ranar kan zo muge bai buɗe ba, shekarar da ɗumi ya yi sammako kuma ta tarar ya riga ya yanƙwane. Dole sana'a ta shigo. Jamusawa ne suka yi fice wajen juya lokacin wannan tsiro tun a ƙarni na 19, a yankin Vierlanden kusa da Hamburg da garin Drossen gabas da Berlin, inda ake renon saiwar a gona, a tone ta da kaka, a ware idon da ya ƙosa, mai kauri da dunƙulallen kai, daga wanda ganye kawai zai yi, a ɗaɗɗaure a aika Ingila da Rasha da Amurka. Wanda ya saya yakan jera su cikin gansakuka mai laima a ɗaki mai zafi, cikin mako uku ko huɗu su yi fure a tsakiyar hunturu; da aka sami ɗakunan ƙanƙara kuma, sai aka gane ana iya tsare idon cikin barcinsa wata da watanni, a tashe shi ranar da aka ga dama.

Amma kasuwar 1 ga Mayu hannun masu lambun Nantes ta faɗa, a yammacin Faransa, inda kogin Loire ya kusa shiga teku. Suna da rairayin kogi mai saurin tsanewa da saurin ɗaukar ɗumi, iskar teku ba ta barin sanyinsu ya yi tsanani, kuma tun kaka da kakanni sun gwane da noman karas da ganyaye ƙarƙashin akwatunan katako masu murfin gilashi, domin su riga kowa kai kaya kasuwa. A yau kimanin kashi 80 cikin 100 na mugen da ake nomawa a Faransa daga wannan yanki yake fitowa, ragowar galibi daga wajen Bordeaux, adadin kuwa yana kai wa kara miliyan 60 a shekara, ban da na tukwane, alhali gidajen da ke riƙe da sana'ar 'yan ƙalilan ne.

Wanda ya ga gonar zai yi mamaki, domin babu itace ko ɗaya a cikinta. Furen kurmi ne a fili fetal, cikin dogayen fangula, inuwarsa ta raga ce da leda da gilashin da aka shafa wa farar ƙasa. Mai lambu yakan dasa saiwa ya yi shekara biyu yana cire ciyawa yana ban ruwa bai ga ko anini ba, sai a ta uku ya fara tsinka. Da hunturu ya juya baya aikinsa ya koma hisabi, yana duban tsawon tsiron, yana duban sama, yana ƙirga kwanakin da suka rage: in ya ga an makara sai ya rufe gilashi ya tsare ɗumi, in ya ga tsiron yana gaggawa sai ya buɗe, ya ja raga, ya bar iskar dare ta shiga. Kuskuren mako guda ta kowace fuska yana iya cinye wahalar shekara, tun da ba shi da wata kasuwa da zai kai kayan bayan ranar.

Tsinka kan kama daga wajen tsakiyar Afrilu, kwana goma ko da 'yan kai, kuma da hannu ake yi. Dubban 'yan ƙwadago, ɗalibai da tsofaffi da baƙi, sukan bi fangali a durƙushe, kowa ya sa yatsa biyu can gindin karan ya zare shi a hankali daga tsakanin ganyen, ana zaɓen wanda ƙararrawarsa ta ƙasa suka buɗe, na sama suna dunƙule tukuna, domin ya ƙarasa buɗewa a hannun wanda za a ba. A rumfa akan tantance su bisa tsawon kara da yawan ƙararrawa, a ɗaure hamsin-hamsin, a tsoma gindinsu cikin ruwa, a shigar da su ɗakin sanyi su jira motocin da za su kwashe su zuwa Rungis da sauran kasuwanni a kwanakin ƙarshe na wata. Camfin mutane ya ce karan da ya zo da ƙararrawa 13 cif shi ne mafi sa'a, mai lambu dai abin da ya sani shi ne mai dogon kara ya fi tsada.

Akwai kuma wani rangwame da ya saura daga zamanin matan Chaville. A Faransa kasa kaya a bakin titi ba da izini ba laifi ne, amma ran 1 ga Mayu hukuma takan kau da kai ga duk mai son sayar da muge, bisa sharuɗɗan da kowane magajin gari ke gindayawa, waɗanda galibi su ne ya zama na daji ne ko na lambun gida, kaɗan ne, ba a haɗa shi da wani fure ba, ba a kafa tebur ba, kuma a nisanci kantin mai furanni, a Faris da mita 40. Masu kantuna, waɗanda ke biyan haraji da haya shekara duka, ba su taɓa yarda da wannan rangwame ba, suna ƙorafin cewa da yawa daga abin da ake kira na daji ta hannun dillalai ya fito daga gona, kuma duk wanda ya dubi kaurin karan ya san ba ƙarya suka yi ba. Ma'aikatan gandun daji su ma suna nasu kukan, domin mai gaggawa yakan fizgo furen har da saiwa, shi ya sa a wurare da dama aka iyakance tsinka ga abin da hannu ɗaya zai riƙe, aka hana tumɓukewa.

A 2020, da annobar korona ta sa aka kulle ƙasar tun daga 17 ga Maris, gwamnati ta hana sayarwa a titi gaba ɗaya, kantunan furanni kuma suna rufe, alhali muge a gonakin Nantes ya riga ya huda ƙasa, babu mai iya mai da shi. Wani kaso na amfanin shekarar a gona aka bar shi ba a tsinka ba, sauran kuwa, bayan kai-kawo tsakanin manoman da ma'aikatar gona, aka yarda a ajiye shi a shagunan da aka bari a buɗe, watau manyan kantunan abinci da masu sayar da taba da jarida da gidajen burodi, masu furanni kuma su miƙa wa wanda ya yi oda tun da wuri daga bakin ƙofa, sai ga Bafaranshe a shekarar yana sayen furensa tare da burodin safe.